Bayanin Ɗuma Ruwa Lokacin Ɗari: Wace Hanya Ta Fi Rahusa

Daga Disamba zuwa Fabrairu kowane maigida a Mandera, Boɗinga da Shagari shina ɗaukar nauyin ruwan zafi na wanka. Da yawa kan sayi abin ɗuma ruwa don sun gan shi da arha a shago. Wanga kuskure na. Mai sayen gero ba ya biyan kuɗin buhu sai ya san tiya nawa ke ciki. Haka nan ruwan zafi: kuɗin bokiti guda za a lissafa, ba kuɗin ƙarfen ba.

Ga ma'auni. Bokiti mai lita 20, in za a ɗaga shi daga digiri 20 zuwa 40, shina cin kusan rabin yunit na lantarki.

Na farko, hita da aka tsomawa cikin bokiti. Mai ƙarfin wat 1,000 takan gama cikin kamar rabin awa. A Afrilun 2024 anka kai yunit naira 225 ga 'yan rukunin A, masu samun wuta awa 20 a rana. A wannan farashi bokiti ya tashi naira ɗari da 'yan kai. Ƙauye bai biyan haka, amma wutar ba ta da tabbas. Kada a jona hita ga ƙaramin janareta: bai iya ɗauka, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 asara ta. Hattara: a tsoma ta kafin a kunna, a kashe kafin a sa hannu, a kau da yara.

Na biyu, babbar hita ta bango. Tana son ruwan famfo da wuta mai ɗorewa, kuma ruwan da ya kwana cikinta shina hucewa a banza. Gidan da aka ɗebowa a rijiya ba tashi ba ta.

Na uku, gas. Kilo guda kan ɗuma bokiti 12 zuwa 14 in an rufe tukunya. Kowa ya raba kuɗin kilo na kasuwarsu da wannan adadi. Kananzir kuwa, tun da anka janye tallafinsa a 2016 ya fi ƙarfin talaka.

Na huɗu, itace, kara da gawayi. Murhu mai duwatsu uku, mafi yawan zafinsa iska ka kwashewa. A gina na laka mai kāriya, a sa murfi. Kada a shiga da gawayi ɗaki a rufe ƙofa, tururinsa ba shi da wari amma shina kisa.

Na biyar, rana, wadda ba ta karɓar kwabo. Baƙar jarka in an aje ta tun hantsi inda iska bai bugu, kafin la'asar ta isa wankan yara.

Dabara guda: lita 5 tafasasshe a sirka da lita 15 na sanyi, sun ba da bokiti mai digiri 40. Ƙaramar tukunya ta wadatar.

Shawarata: mai wuta tabbatacciya ya riƙe hita, marar ita ya haɗa rana da ingantaccen murhu, gas ya zama na asuba. Dillali kuma ya tambayi mai saye halin gidansa kafin ya miƙa masa kaya, don wanda anka cuta sau guda bai dawowa.