Hazon Asuba: Abin Da Ya Kamata Fatake Su Duba Kafin Su Ɗaure Kaya

LEGAS - Daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da hunturu ke kaɗawa, yawancin 'yan kasuwar da ke safarar kaya tsakanin Arewa da Kudu suna fara harkar yini ne da duban sararin sama bayan sallar asuba. Abin da suka gani a wannan sa'a yakan yanke hukunci a kan ribar ranar ko asararta, musamman ga masu kayan gwari da ke ɗauko tumatir daga Kadawa da Kwanar Gafan a Jihar Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000.

Sai dai kuma hazon da ke rufe gari da safe iri biyu ne, kuma kowanne da irin shirin da yake bukata.

Na farko shi ne hazon raɓa. Yana samuwa ne idan ƙasa ta huce cikin dare, damshin da ke cikin iska ya taru ya kwanta ƙasa-ƙasa kamar hayaƙi fari. An fi ganinsa a Kudu da kuma bakin manyan koguna, kamar wajejen Lokoja da Jebba, inda manyan motocin kaya ke ƙetare Kogin Kwara. Alamarsa ita ce a tarar da gilashin mota da tamfol a jiƙe, iska kuma a tsaye cik. Irin wannan hazo ba ya jure wa rana, da hantsi ya ɗaga yakan watse. Saboda haka direban da ya dakata na sa'a biyu ko uku bai yi asarar komai ba, idan aka kwatanta da wanda ya kutsa cikinsa ba ya ganin motar da ke gabansa. Da muguwar rawa, in ji Hausawa, gara ƙin tashi.

Na biyu shi ne hazon ƙura. Mafi yawan wannan ƙura tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta, ta iso Arewacin Nijeriya cikin kwana ɗaya ko biyu kafin ta gangara Kudu. Ana gane ta da bushewar leɓe, da rashin raɓa, da garin ƙura a kan motoci, rana kuma ta fito dishi-dishi kamar wata. Zafin rana ba ya kore ta, kuma takan yi kwanaki a sama.

A nan jira na 'yan sa'o'i ba ya magani, sai dai a sake tsarin tafiyar. Idan ƙurar ta yi kauri har aka kasa hangen abin da ya wuce mita 1,000, kamfanonin jiragen sama kan jinkirta tashi ko su soke shi, don haka mai alƙawarin ciniki a Kano ko Kaduna ya kyautu ya ba da ratar kwana guda. Haka kuma fataken goro da ke lodi a Shagamu sukan ƙara ganye da yayyafin ruwa a huhu, domin busasshiyar iska tana sa goro ya yanƙwane, farashinsa ya faɗi.

Bugu da ƙari, ɗan kasuwar Kudu yana da wata dama, tunda ƙurar daga Arewa take gangarowa. Idan abokin cinikinsa na Maiduguri ko Kano ya shaida masa ta waya cewa gari ya rufe, ya san tana tafe. Har ila yau, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen yanayi kullum, tare da gargaɗi na musamman idan ƙura mai kauri ta taso.

Tumatirin da aka zuba a kwando ba ya jiran kowa, kwana ɗaya na jinkiri a cikin zafin Kudu ya isa ya karya darajarsa a hannun dillali. Don haka tilas ne mai kaya da direba su daidaita lokacin lodi, yadda mota ba za ta isa bakin kogi a daidai lokacin da hazon raɓa ya kwanta ba, kuma ta shiga kasuwa kafin rana ta take.