Dalilan Kumburin Saifa

Saifa wata gaɓa ce mai taushi da ke kwance a ɓangaren hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma a jikin baligi mai lafiya tsawonta bai cika wuce santimita 12 ba, nauyinta kuwa kimanin giram 150 ne, shi ya sa likita ba ya jin ta idan ya danna ciki. Aikinta shi ne tace jini, domin ita ke tsince jajayen ƙwayoyin jini da suka tsufa bayan kimanin kwana 120, tana kuma kama ƙwayoyin cuta. Duk lokacin da ta kumbura har ta leƙo ƙasan haƙarƙari, to alama ce ta ɗayan abu uku: ko aiki ya fi ƙarfinta, ko an tare wa jini hanyar fita daga cikinta, ko kuwa baƙin ƙwayoyi sun cika ta.

A ƙasashe masu zafi, zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba wajen ɗora wa saifa aiki, saboda ƙwayar cutar cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, saifa kuma dole ta tsince duk wadda ta lalace. Alaƙar ta yi ƙarfin da masana kan ƙidaya yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu kumburarriyar saifa domin su gane yadda zazzaɓin ya yi katutu a yanki. Taifod da tarin fuka da cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba su ma suna kumbura ta, haka nan kala'azar, wadda wani ɗan mitsitsin ƙuda ke yaɗawa a wurare irin su Gadarif ta Sudan.

Amosanin jini, wato sikila, yana da nasa salon mai hatsari ga ƙananan yara, domin jini kan taru a saifa cikin 'yan sa'o'i, sai cikin yaro ya ɗaga, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari fat, numfashinsa ya yi sauri, jikinsa ya saki. Wannan hali ba ya jiran wayewar gari, ƙarin jini yake bukata nan take.

Dalili na biyu daga hanta yake tasowa, domin jinin da ya fito daga saifa ta cikinta yake bi. Idan hanta ta ƙandare, sakamakon ciwon hanta nau'in B ko C ko yawan shan barasa, sai jini ya koma baya kamar ruwan da aka datse wa magudana. Tsargiyar hanji, wadda ake ɗauka a kududdufai da hanyoyin ban ruwa inda dodon koɗi ke zama, takan yi irin wannan ɓarna, har ta kai mai ita ga aman jini. Na uku kuwa shi ne sankarar jini da ta kaluluwa, inda ƙwayoyin da suka hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba suke cunkushe saifa.

Mai kumburin saifa kan ji nauyi a hagun ciki, ya ƙoshi da loma kaɗan saboda ta danne tumbi, ga kasala da ƙarancin jini. Tsaga ko ƙaho a kan wurin ba sa kaiwa ga tushen ciwon, sai ma su buɗe ƙofar wata cutar, kuma tausa mai ƙarfi ko duka ko faɗuwa daga babur na iya fasa saifar, jini ya zuba a cikin ciki. Gwajin jini da na bayan gida da hoton ciki su ne ke bayyana ainihin dalili, kuma sau da yawa idan aka magance shi da wuri, saifa kan koma ma'ajinta ba tare da an kai ga tiyata ba.