Taron masana: kowane abu da kwandonsa

A kasuwar Agiye

Garin Agiye yana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Damagaram. Ran kasuwa, tun da hantsi, manoma suke shigowa da amalanke cike da kaya. Mai sayen aya ba ya zuba ta wuri guda. Manya yana sa su gefe, ƙanana gefe, don kuɗin tiyarsu ba ɗaya ba ne. Manomi ma haka yake yi da gonakinsa. Ya san jigawa, mai rairayi da sauƙin noma. Ya san geza, mai tauri. Ya san fadama, mai riƙe ruwa. Kowace da abin da yake shuka mata.

Wannan aiki shi ake kira rarrabawa, wato a sa kowane abu cikin kwandon da ya dace da shi. Ba kaya kaɗai ake rarrabawa ba. Ana rarraba bayanai. Bayanai su ne abubuwan da aka ƙirga ko aka auna, aka rubuta: yawan mutanen gari, yawan ruwan da ya sauka, yawan damman hatsin da aka samu, yawan marasa lafiyar da suka zo asibiti. Bayanan da ba a rarraba ba kamar rumbu ne da aka zuba ma hatsi da dawa da wake a haɗe. Akwai abinci ciki, amma uwar gida ba ta iya ɗiba ta yi tuwo.

Inda rikici yake shigowa

In mutum guda yake rarraba kayansa, ba wuya. Wuyar tana zuwa sa'ad da mutane biyu suke so su haɗa lissafinsu.

Ga misali. Abin da mutanen ƙasar Maraɗi suke ce ma gujiya, shi ne Kanawa suke ce ma gyaɗa. A Kano kuwa, gujiya wata shuka ce daban. To, a ce ma'aikacin gona na Gazawa ya rubuta buhu ɗari na gujiya, na Kano shi ma ya rubuta buhu ɗari na gujiya. Wanda ya tara su ya ce buhu ɗari biyu, ya yi lissafi daidai, amma ya faɗi abin da ba gaskiya ba. Ya zuba abu biyu cikin kwando guda.

Ga wani misali kuma. A ƙidayar jama'a ta 2001, an samu mutum wajen 277,000 a gundumar Agiye. A ƙidayar 2012, an samu wajen 246,000. Mai gaggawa zai ce mutanen Agiye sun ragu. Ba su ragu ba. A 2011 aka cire Gazawa daga Agiye, ta zama gunduma mai zaman kanta, kuma a 2012 an samu mutum sama da 160,000 cikinta. In aka haɗa biyun, sun wuce 400,000. Kwandon ne aka raba, ba mutanen suka ƙare ba. Wanda zai gina makarantu ko ya gina rijiyoyi, in bai san wannan ba, zai rage ma mutane rabonsu.

Don haka ne masana suke barin garuruwansu, su yi tafiya mai nisa, su zauna wuri guda. Suna so su shirya bisa kwanduna iri ɗaya.

Yadda taron masana yake gudana

Taron masana ba biki ba ne, ba kuma shari'a ba. Tun da sauran watanni ake sanar da rana da gari. Wanda yake so ya yi magana sai ya rubuta taƙaitaccen bayanin aikinsa, ya aika. Wasu masana su karanta. In sun ga aikin ya yi, sai su ce ya zo.

Ran taro, kowa yana rataya ƴar takarda mai sunansa da sunan ƙasarsa. Mai magana yana tashi gaban jama'a. Lokaci kaɗan ake ba shi. Yana faɗin abu uku: inda ya samo bayanansa, yadda ya rarraba su, da abin da ya gano. In ya gama, sai tambayoyi. Wani ya ce: «Mutum nawa ka auna?» Wani ya ce: «Wanda ya faɗa tsakanin kwando biyu, ina ka sa shi?» Mai magana ba ya fushi, don tambayar ce ta kawo shi. Gara a gane kuskurensa cikin zauren taro da a gane shi bayan ya cuci jama'a.

Wanda ya je saurare ma yana da aiki. Yana riƙe da littafi da alƙalami. Yana rubuta abin da ya ji, ya gwada shi da abin da ya sani a ƙasarsa. Lokacin hutu yana neman waɗanda suke aiki irin nasa, su san juna. Bayan taro ana buga jawaban cikin littafi, don wanda bai samu zuwa ba ya karanta.

Akwai masanan da ba su da wani aiki sai nazarin hanyoyin rarrabawa. A 1985 ƙungiyoyinsu na ƙasashe dabam-dabam suka haɗu suka kafa babbar ƙungiya guda. Ta yi taronta na farko a 1987, a garin Aachen na ƙasar Jamus. Hanyoyin da suke tattaunawa suna da yawa, amma ga uku masu sauƙin ganewa. Ta farko, a duba alama guda, kamar girma ko nauyi. Ta biyu, a bi jerin tambayoyi na «i» ko «a'a», kowace amsa ta kai ga wata tambaya, har a iso kwando. Ta uku, a tara abubuwan da suka fi kama da juna, sannan a ba kowane tari suna. In bayanai sun kai dubbai, kwamfuta ake ba wannan aiki. Amma mutum ne yake duba ko tarin da ta yi yana da ma'ana.

Gardamar likitoci biyu

Ga labarin wani taro da amfaninsa ya iso har ƙauyukan Agiye.

A 1853 aka yi babban taron masu ƙididdiga na duniya na farko, a Burusel, babban birnin Beljik. A lokacin, kowace ƙasa tana rubuta cututtukan da suke kashe mutane yadda ta ga dama. Ba mai iya gwada lissafin wata ƙasa da na wata. Sai taron ya zaɓi likitoci biyu, William Farr na Ingila da Marc d'Espine na birnin Janiba, ya ce su tsara jeri guda wanda kowa zai bi.

A 1855 aka sake taruwa a Paris. Sai ga kowane da nasa jeri. Farr ya kasa cututtuka kashi biyar. Cikinsu akwai na annoba, akwai waɗanda ya jera bisa wurin da suke kamawa a jiki, akwai kuma mutuwar da rauni yake kawowa. D'Espine kuwa ya jera su bisa irin halin cutar. Aka yi ta gardama. Daga ƙarshe taron ya ɗauko nan, ya ɗauko can, ya yi jeri mai gida 139. Amma ƙasashe da yawa ba su bi shi ba.

Masana ba su fid da rai ba. A 1893, a wani taro a birnin Shikago na Amurka, aka karɓi jerin da Jacques Bertillon na Paris ya jagoranci tsarawa. Ya bi hanyar Farr, ta duba wurin da cuta take kamawa. A 1900 wakilan ƙasashe 26 suka taru a Paris suka gyara shi, suka kuma shirya a riƙa gyara shi bayan kowace shekara goma. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta karɓi aikin. Gyara na goma sha ɗaya an amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022.

Cikin wannan jeri kowace cuta tana da lambarta. A gyara na goma, lambar ƙyanda B05 ce. Likitan Tibiri, cikin gundumar Gidan Rumji, da likitan ƙasar Sin ba su jin harshen juna, amma lambar guda ce gare su. Shekara arba'in aka yi daga taron farko zuwa ranar da aka samu jerin da ya karɓu. Gardama ba ta ɓata aikin ba, ita ta gyara shi.

Milimita biyar

A asibitocin karkara akwai wata ƴar igiyar awo mai launi uku: ja, rawaya da tsanwa. Da ita ake auna kaurin damtsen yaro, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ana auna yaran da suka kai wata 6, ba su cika shekara 5 ba. In awon bai kai milimita 115 ba, ja ne: tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125, rawaya ne: tamowa matsakaiciya. Daga 125 zuwa sama, tsanwa ne. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura kuwa, ana sa shi cikin masu tsanani ko me igiyar ta nuna.

Mutanen jahar Maraɗi sun san wannan igiya. A 2004 damina ba ta yi kyau ba, fara kuma ta yi ɓarna a wasu sassan ƙasa. A 2005 hatsi ya yi tsada ƙwarai. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Abincin maganin da ake ba irin waɗannan yara, da gujiya da madara da sukari da mai ake yin shi.

To, a wancan lokaci iyakar ja ba 115 ba ce, 110 ce. A 2006 OMS ta fito da sabon ma'aunin girman yara, bayan an auna yara sama da 8,000 a ƙasashe shida: Gana, Indiya, Oman, Birazil, Norwe da Amurka. Masana suka duba sabon ma'aunin, suka duba bayanan yaran da suka yi jinya, suka tattauna. A 2009 OMS da UNICEF suka sanar an ɗaga iyakar zuwa 115.

Milimita biyar ba ta kai faɗin ƙwayar wake babba ba. Amma a ce ga yarinya a wani ƙauyen Gazawa, damtsenta milimita 112. Bisa tsohuwar iyaka, igiya ba ta sa ta cikin masu tsanani ba. Bisa sabuwa, tana cikinsu, kuma za a ba ta abincin magani. Yarinyar ba ta sake ba. Layin da ya raba kwanduna ne ya matsa. Waɗanda suka matsa shi ba su san sunanta ba, ba su kuma taɓa ganin ƙauyensu ba.

Sharuɗɗa uku

Rarrabawa mai kyau tana da sharuɗɗa uku. Na ɗaya, kowane abu ya samu kwando, kada a bar wani a ƙasa. Na biyu, kada abu guda ya shiga kwando biyu. Na uku, ko wa ya yi aikin, a samu amsa guda.

Amma ko masana sun tsara kwanduna masu kyau, ba su ne suke zubawa ba. Mai zubawa shi ne ma'aikacin asibiti da yake karanta igiya, da mai ƙidaya da yake bi gida gida, da malamin da yake kiran suna kowace safiya. In suka rubuta abin da ba su gani ba, taron duniya duka ba ya iya gyara shi. Ɗan makarantar da ya koyi auna abu daidai, ya rubuta shi daidai, ya riga ya fara aikin masana.

Ma'anar kalmomi

Bayanai: abubuwan da aka ƙirga ko aka auna, aka rubuta.
Ƙididdiga: ilimin tara bayanai da lissafa su.
Ƙidaya: ƙirga mutanen ƙasa duka.
Tamowa: ciwon da ƙarancin abinci mai gina jiki yake kawowa.
Milimita: kashi ɗaya cikin goma na santimita.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai sayen aya ba ya zuba manya da ƙanana wuri guda?
2. Mutanen Agiye sun ragu tsakanin 2001 da 2012? Ku yi bayani.
3. Wane abu uku mai magana yake faɗi a taron masana?
4. Shekara nawa ke tsakanin taron Burusel da taron Shikago?
5. An auna yara uku: 109, 120 da 131. Ku faɗi launin kowane.

Aiki

Ku kasu ƙungiya biyu. Kowace ƙungiya ta tsinko ganye ashirin a filin makaranta, ta rarraba su yadda ta ga ya dace, ta rubuta dalilinta bisa allo. Sannan ku zauna tare. Kowace ƙungiya ta tsai da mutum guda ya yi bayani, sauran su yi masa tambayoyi. Kada ku tashi sai kun shirya bisa hanya guda wadda ta cika sharuɗɗan nan uku.