Buɗaɗɗun na'urorin wasan hannu da kulallu

Na'urorin wasan bidiyo na hannu sun kasu gida biyu dangane da ikon da mai na'ura yake da shi a kanta. Kulalliya ita ce wadda ba ta karɓar kowace manhaja sai wadda kamfanin da ya ƙera ta ya amince da ita. Buɗaɗɗiya kuwa tana barin mai ita ya saka manhajar da ya ga dama, har ya canza babbar manhajar da ke tafiyar da ita.

Tarihi

Game Boy, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a shekarar 1989, tana duba tambarin kamfanin a cikin kaset ɗin wasa duk lokacin da aka kunna ta. Idan tambarin bai yi daidai ba, wasan ba zai tashi ba. Na'urorin baya-bayan nan, irin su PSP ta Sony (2004) da Nintendo Switch (2017), suna amfani da sa hannu na lambobin sirri wajen tantance manhaja.

A ɗaya ɓangaren, kamfanin Game Park na Koriya ta Kudu ya fitar da GP32 a 2001, wadda ta ba masu sha'awa damar rubuta nasu wasannin. GP2X ta biyo baya a 2005 da tsarin Linux. A watan Fabrairun 2022 kamfanin Valve na Amurka ya fitar da Steam Deck, wadda ake iya sarrafa ta kamar kwamfuta, a saka mata Windows, a kuma sayi kayan gyaranta daga iFixit.

Muhawara

Kamfanonin da ke kulle na'urorinsu suna kafa hujja da hana satar fasaha da maguɗi a wasannin intanet. Akwai kuma batun kuɗi, domin suna samun kaso daga kowane wasa da aka sayar. Masu goyon bayan buɗewa suna cewa wanda ya sayi abu da kuɗinsa shi ke da iko da shi. Suna kuma nuni da abin da ke faruwa idan kamfani ya janye: a watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe sayar da wasanni a shagon intanet na 3DS, masu ita suka rasa hanyar sayen wasannin da ba a taɓa fitarwa a kaset ba.

Doka

A Amurka, dokar DMCA ta 1998 ta haramta karya makullin da ke kare haƙƙin mallaka. A 2024 Nintendo ya maka masu manhajar Yuzu, mai kwaikwayon Switch, a kotu. Sun amince su biya dala miliyan 2.4, suka kuma dakatar da aikin.