Ciki uku, ɓari uku: a duba jini kafin a zargi kishiya

A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, idan amarya ta yi ɓari sau biyu, sau uku, kowa ya san abin da zai biyo baya. Wasu su ce namijin dare ne, wasu su fara hararar kishiya. Sai rubutu, sai hayaƙi, wani lokaci ma har takardar saki. Alhali akwai wata cuta da likitoci ke kira APS, wadda wani likita a Landan, Graham Hughes, ya yi bayaninta a 1983, kuma irin wannan ɓarin yana cikin manyan alamominta.

Ga yadda abin yake. A jinin kowa akwai wani furotin mai suna beta-2 GPI, mai gaɓoɓi 5. A 1990 aka gano cewa shi ne garkuwar jikin masu cutar ke kai wa hari. Bincike ya nuna furotin ɗin yana iya sauya siffa: wani lokaci a naɗe kamar gammo, amma idan ya manne a bangon ƙwayoyin halitta sai ya buɗe kamar ƙugiya. Da ya buɗe, gaɓarsa ta farko da ke ɓoye sai ta fito fili. Sojojin jiki su ga kamar baƙo ne, su damƙe shi. Daga nan bangon jijiya ya harzuƙa, jini ya fara guda-guda a inda babu ko ƙwarzane.

Idan gudan ya toshe jijiyoyin mabiyiya, abincin ɗan tayi ya yanke. Shi ya sa ake samun ɓari, ko jariri ya mutu a ciki, ko hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. Samari, ku ma ba ku tsira ba fa: ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, ko shanyewar ɓarin jiki ga ɗan shekara 30, duk tana iya jawowa.

Ba kowane ɓari ne APS ba, gwajin jini ne ke rarrabewa. Kuma sai an maimaita shi bayan mako 12, domin wasu cututtuka na sa gwajin ya nuna ƙarya na ɗan lokaci. Nan ne wahalar take ga mutumin karkara: yawanci sai an shigo birni, irin asibitin koyarwa na Aminu Kano, kuma sau biyu, ga kuɗin mota ga na gwaji, wataƙila ana tsakiyar damina.

Amma tana da magani. Mai ciki ana ba ta ƙaramin asfirin da allurar hefarin, kuma da yawa suna haihuwa lafiya lau. Don Allah kar a ga wannan a Facebook a ruga kemis: warfarin, da ake ba marasa ciki, yana lahanta ɗan tayi. Wadda ta yi ɓari uku a jere, ko jariri ya taɓa mutuwa a cikinta, ta faɗa wa ma'aikaciyar awo tun zuwan farko, ta nemi a tura ta gaba.