Fim ɗin Hausa da Turai ke riga Zangon Kumasi gani

A Zangon Kumasi fim ɗin Kano ba baƙo ba ne, yana shigowa ta waya da tashoshin tauraron ɗan'adam, ga na Indiya da aka yi wa fassarar Hausa, ga kuma na Kumawood da harshen Tuwi. Amma akwai wani rukunin fina-finai da ke magana da Hausa wanda da wuya ya iso unguwar: waɗanda ake shiryawa domin bukukuwan baje kolin fina-finai.

Misali shi ne Zinder, na Aïcha Macky, 'yar Damagaram, wanda ya fito a 2021. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Ta bi matasan unguwar Kara-Kara da kyamara, 'yan gungun da ake kira "palais", suna faɗin rayuwarsu da bakinsu, daga zaman kashe wando zuwa fasa-ƙwaurin mai. Ɗan Zango zai fahimci maganarsu ba tare da karanta fassara a ƙasan allo ba, sai dai 'yan kallo a birnin Nyon na Suwizalan sun riga shi gani, a bikin Visions du Réel.

Dalilin yana ga yadda ake samun kuɗin. Mai shirya fim a Kano yana sa jarinsa ne ya jira 'yan kallo su mayar masa, shi ya sa yake gaggawar sakin fim a YouTube. Mai fim mai zaman kansa kuwa yakan haɗa tallafi daga gidauniyoyi da gidajen talabijin na waje, su kuma su karɓi haƙƙin nunawa na wani lokaci. Manyan bukukuwa ma sun fi son fim ɗin da ba a taɓa nunawa ba. Idan ya shiga intanet kyauta, ƙofofi da yawa sun rufe ke nan.

Babban bikin nahiyar, FESPACO, a Wagadugu ake yin sa, a kan hanyar da ta tashi daga Kumasi ta bi Tamale da Paga. An fara shi a 1969, yanzu kuma duk bayan shekara biyu ake yi. Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara cin babbar kyautarsa, Étalon de Yennenga, a 1972. Kwaw Ansah ya kawo ta Ghana a 1989 da Heritage Africa, sai Dani Kouyaté na Burkina Faso ya ɗauke ta a 2025. Amma mako guda ne kawai. Bayan an tashi, fim na buƙatar gidan silima, a Ghana kuwa tun da gwamnati ta sayar wa wani kamfanin Malesiya mafi yawan hannun jarin kamfanin fim na ƙasa a 1996, tsofaffin gidajen silima da dama sun koma coci ko sun rufe.

Abin mamaki, Kumasi kanta ta daɗe da shiga irin waɗannan fina-finai. A Jaguar na Bafaranshe Jean Rouch, wanda aka fara ɗauka a 1954, 'yan ci-rani uku daga Nijar sun sauko Gwalkwas neman kuɗi, har aka kafa teburin tireda a kasuwar Kumasi. Labarin kakannin mutane da yawa a Zango ke nan, amma ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka sun fi jikokin sanin fim ɗin.

Ga matashin Zango da ke ɗaukar fim da kansa, ƙofar da ta fi sauƙi tana Kano. Bikin KILAF, wanda Abdulkareem Mohammed na kamfanin Moving Image ya assasa a 2018, yana karɓar fina-finan da aka yi da harsunan Afirka, tare da kasuwar da masu shiryawa ke haɗuwa da masu saye. Fim da Hausar Zango, mai gauraye da Tuwi, ya cika wannan sharaɗi.