Zanen Makiyaya da Kufai

Birnin Benis na ƙasar Italiya a kan ruwa aka gina shi. Babu gona a cikinsa, balle filin kiwo. Duk da haka, a ƙarni na 18 masu zane na birnin sun yi suna wajen zana karkara. Za ka ga makiyayi zaune a gindin bishiya, tumaki suna kiwo, ƙorama tana gudana, can gefe kuma ga kufan wani ginin Rumawa wanda ciyawa ta lulluɓe.

Marco Ricci (1676–1730) yana cikin waɗanda suka kafa wannan salo. Francesco Zuccarelli (1702–1788) ya biyo bayansa, mutanen Ingila suka so aikinsa ƙwarai, har ya tafi Landan a 1752.

Sai dai yawancin wuraren da suka zana babu su a duniya. Mai zane yakan ɗauko ginshiƙi daga nan, gada daga can, ya haɗa su yadda ransa ya so. Makiyayan kuwa tufafinsu tsaf, babu alamar yunwa ko gajiya. Dalili shi ne, attajirai ne masu saye, su kuwa natsuwa suke son gani a bangon ɗakinsu.

Irin wannan tunani yana nan a Abuja. A shagunan masu zane akwai hotunan Bafulatana ɗauke da ƙwaryar nono, shanu suna kiwo a gindin Dutsen Zuma. Suna da kyau, amma da wuya ka ga wanda ya nuna doguwar tafiyar neman ruwa da rani, ko burtalin da gine-gine suka cinye.